Kulocin da bai ga Babbar Sallah ba

Da yawa daga cikinku sun ji wannan labari a bakin masallaci ko a teburin mai shayi, kowa da irin yadda ya zo masa. Har akwai wanda ya tare ɗayanmu a Zango yana yi masa jaje, wai ya ji an kwana da mu a ofishin 'yan sanda. Ba a kwana da mu ko'ina ba. Amma tunda magana ta riga ta fita, kuma an yi sulhu kowa ya yafe, muka ga gara a ji ta daga bakinmu. Mun nemi izinin waɗanda abin ya shafa, sun ba mu, da sharaɗin ba za a kama sunan kowa ba.

Mu uku ne muke haɗa jari a nan Agege. Mu sayi mota mai 'yar matsala, mu gyara, mu sayar, mu raba abin da Allah ya ba mu. Yawanci Corolla ce da Camry da Sienna, motocin da tun daga ƙarar injinsu ka san ciwonsu. Bara sai muka shiga ruwan da ba namu ba. Aka kawo mana tallan BMW 330Ci ƙirar 2002, baƙa, ƙofa biyu, mai giyar hannu guda biyar. Mai ita zai bar ƙasar, yana gaggawa, kuɗin ya yi daɗi. Injinta silinda shida ne a jere, lita 3, ƙarfin doki 231, kuma tayoyin baya ne suke tura ta. Wanda ya san mota ya san abin da wannan na ƙarshe yake nufi a wurin saurayi ɗan shekara 23. Mu a lokacin riba kaɗai muke hange.

Kulocinta ya gaji, wannan tun wajen ciniki mun sani, shi ya sa ma aka rage mana. Muka je Ladipo muka sayo sabo a kwalinsa, cikakken saiti: faranti, da furesha fulet, da boris ɗin da ke tura shi. Na gaske muka saya, muka karɓi rasit. Muka kai wa bakanikenmu, wani dattijon Bayarabe da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Oga muke ce masa. Da ya sauke giyabos sai ya sa yaronsa ya turo mana hoto ta WhatsApp, sannan ya kira ya ce fulawil ɗin ma ya gaji, fuskarsa ta yi tabo, kuma in ka kama shi da hannu yana wasa fiye da ƙima. Muka tambayi kuɗin sabo. Da muka ji ya fi kuɗin kulocin gaba ɗaya, sai muka ce, "Oga, goge shi da samfefa ka ɗaura, ai zai tafi." Ya ce zai tafi kam. Bai ƙara komai ba.

Ana saura mako guda a fara azumi wani Alhaji mai harkar shanu a Abbatuwa ya zo da ɗansa, wanda ya gama bautar ƙasa ya samu aiki a tsibiri. Yaron tun daga bakin titi idonsa yake kan motar. Alhaji bai san BMW ba, amma ya san ciniki. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Wannan kulocin da kuka ce sabo ne, zai kai yaushe?" Sai ɗayanmu ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, shekara uku ba ka taɓa shi ba." Har yau muna gardamar wanda ya faɗa. Sauran biyun dai sun gyaɗa kai, don haka duk mun faɗa.

Ana saura kwana shida Babbar Sallah aka kira mu. Motar ta ƙi hawa gadar Pen Cinema. Inji yana kuka, allura tana tashi sama, mota tana tsaye wuri ɗaya, ga wari ya cika ciki kamar an ƙona tsohon takalmi. Janwe ce ta sauko da ita. Da muka duba mita, abin da aka yi da ita tun daga hannunmu bai wuce kilomita 4,300 ba.

Saƙon da Alhaji ya aiko bai da tsawo. Ya ce mun ɗaura Beljiyam mun kira shi sabo, mu zo mu ɗauki motarmu mu dawo masa da kuɗinsa. Kuɗin kuwa tuni sun shiga wasu motoci biyu da ke tsaye ba su fita ba. Amma abin da ya hana mu barci ya wuce kuɗin. A harkarmu ba mu da shago mai gilashi, ba mu da takardar garanti. Wanda ya saya a wurinmu ya saya ne don wani ya ce masa yaran nan ba sa cuta. Motoci biyar muka sayar wa dangin Alhaji da yaransa cikin shekara uku. Idan ya faɗa sau ɗaya a Abbatuwa cewa mun yi masa rufa-ido, an gama da mu daga Agege har Mile 12.

Dattawa biyu suka shiga tsakani, aka ce a kwance motar a gaban kowa. Alhaji ya ce shi bakanike ɗaya ya yarda da shi a garin nan, wanda ya shekara ashirin yana gyara masa motoci. Da ya faɗi ko wane ne, sai muka kalli juna. Oga ne. Muka gaya wa Alhaji gaskiya cewa ai shi ya ɗaura kulocin. Ya ce to ya ma fi, shi ba zai yi masa ƙarya ba. Mu ma mun san ba zai yi ba, kuma abin da ya tayar mana da hankali ke nan, don hoton fulawil ɗin nan yana cikin wayoyinmu mu duka uku.

Kafin mu kai ga abin da aka gani, bari mu ɗan tsaya kan yadda abin yake aiki, saboda mu kanmu da muke sayar da mota sai a wannan makon muka fahimce shi sosai. Inji yana juya wani ƙarfe mai nauyi, shi ne fulawil. Giyabos kuma yana da nasa sandan da yake shiga tsakiyar wani faranti. A wannan motar faɗin farantin milimita 240 ne, bai kai faifan rufe ƙwarya babba ba. Gefensa biyu an manna masa wata fata da aka yi da zare da ƙaro da 'yan wayoyin tagulla, aka ɗaure da ƙusoshi. Furesha fulet, da ƙarfin sifirin ɗinsa, shi yake matse farantin nan a jikin fulawil. In ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya, ukun sun zama abu ɗaya, suna juyawa tare, babu abin da yake cin wani. In ka taka har ƙasa, sun rabu, nan ma babu ci. Duk cin da kuloci yake yi a rayuwarsa yana faruwa ne a ɗan tsakanin nan, lokacin da inji yake gudu ɗaya, faranti yake wani gudun, suna gogar juna kafin su daidaita.

Shi ya sa lissafin kilomita yake yaudara. Direban da ya taso daga Legas zuwa Kano, kilomita 1,000 da ɗoriya, in hanya ta yi kyau zai yi awa guda a giya ta biyar bai taɓa kuloci ba. Wanda ya taso daga Agege zuwa Oshodi da safiyar Litinin kuwa, sai ya tashi mota daga tsaye sau ɗari biyu kafin ya isa. A hannun mai lallaɓawa, kulocin motar gida yakan kai kilomita 100,000 zuwa 150,000, wasu ma su wuce. Wannan lissafin ne yake kanmu ranar da muka ce shekara uku. Lissafin Corolla ne a hannun magidanci mai kai yara makaranta.

Ƙaraminmu, wanda ya fi mu boko, shi ya zauna da biro ya nuna mana abin da ya ba mu tsoro. Doki 231 ya kai wajen kilowat 170. Dutsen guga na lantarki, irin na gida, kilowat 1 ne ko ya ɗara kaɗan. To idan ka tsayar da motar nan, ka taka totur har inji ya kai juyi 5,000 a minti, ka saki kuloci, taya kuma ta kama kwalta ta ƙi juyawa nan take, ƙarfin nan dole ya samu inda zai je. A wannan daƙiƙar yana komawa zafi ne a fuskar faranti, kwatankwacin dutsen guga sama da ɗari a kan abin da za ka iya riƙewa da hannu ɗaya. Sau ɗaya, ƙarfen zai shanye, ya huce. Amma in ka maimaita sau biyar a jere ba hutu, zafin yana taruwa, kuma da ya kai wajen digiri 300 zuwa sama ƙaron da ya riƙe fatar zai fara dahuwa. Fatar ta yi santsi kamar tangaran. Da ta yi santsi sai ta ƙara zamewa, da ta ƙara zamewa sai zafi ya ƙaru. Daga nan ba a komowa.

Ya kuma nuna mana wani tsere da ake yi a Amurka, inda motoci biyu suke tashi daga tsaye su ƙure gudu a miƙaƙƙen fili mai tsawon mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Manyan motocin wannan tsere bayan kowane gudu ɗaya ake kwance kulocinsu. Wato akwai kulocin da ransa bai kai tafiya daga masallaci zuwa bakin titi ba, kuma ba jabu ba ne, ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. Su Ferrari 360 da Lamborghini Gallardo masu giyar da kwamfuta take taka wa kuloci, mai hankali ba ya saye sai an jona na'ura ta faɗa masa kashi nawa na kulocin ya rage, don mota mai ƙananan kilomita tana iya zuwa da kuloci ƙararre. Hatta Nissan GT-R da ta fito a 2007 da tsarin tashi da ƙarfi daga tsaye, sai da kamfanin ya dawo ya rage juyin da inji yake kaiwa kafin ta tashi. Waɗanda suka ƙera motar ke nan, da injiniyoyinsu. Mu kuwa muka bugi ƙirji muka ce shekara uku.

Ranar Laraba da hantsi aka taru a garejin Oga. Alhaji a kan benci da carbinsa, dattawa biyu a gefensa, yaron a tsaye can baya ya sunkuyar da kai, mu kuma mun jeru kamar masu jiran alƙali. Sauke giyabos ɗin motar nan aiki ne; sai an cire salansa da dogon sandan da ke kai juyi baya. Kusan awa uku ana yi, babu mai hira.

Da faranti ya fito, Oga bai ce komai ba tukuna. Wani yaronsa ya kai baki zai hure ƙurar, ya doke masa hannu. Ya ce ƙurar kuloci da ta birki ba a hure ta, a da da asbestos ake yin fatar, kuma har yanzu ba ka san abin da ke cikin wasu ba, huhu take ci. Ya sa tsumma mai laima ya goge tsakiyar, sunan kamfani da lambar kaya suka fito. Ya ce a kawo rasit. Lamba ta yi daidai. Sannan ya miƙa wa Alhaji farantin ya ce ya sa farce a ramin ƙusa.

"Alhaji, ka ji zurfin? Kulocin da ya tsufa, fatar takan cinye har ta zo daidai da kan ƙusa. Wannan namansa yana nan kusan yadda na ɗaura shi. Ba tsufa ya yi ba. Dafa shi aka yi."

Gaskiya ne kuwa. Fatar ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, gefe ɗaya ta ɓantale, in ka murza sai ta zama gari. Fuskar furesha fulet ta yi shuɗi da ja da ruwan ƙwai, launin da ƙarfe yake yi in ya sha wutar maƙera. Oga ya leƙa bayan inji ya shafa, ya nuna yatsansa a bushe. Ya ce da bakin mai ne yake yoyo ta sil ɗin baya ya jiƙa fatar, da magana ta canja, amma babu ɗigo.

Muka fara sakin numfashi. Sai ya tashi ya zagaya bayan motar, ya durƙusa, ya zura hannu cikin kwarin da ke saman tayar baya, ya kankaro wani abu ya zuba wa Alhaji a tafin hannu. 'Yan dunƙule-dunƙulen roba ne da suka narke suka manne a jikin ƙarfe. Ya nuna tayoyin gaba, zanensu raɗau. Ya nuna na baya, sun goge sumul kamar tafin hannu. Kuma ba su ne tayoyin da muka sayar da motar da su ba. An sa manyan rim masu inci 18 da faffaɗan taya.

Mutumin da yake buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa daga haƙori ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan. Alhaji ya daɗe yana kallon robar nan. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Kai, zo nan."

"Na'am, Baba."

"Wurin aiki kake zuwa da motar nan, ko wani wuri?"

Ba za mu kawo duk abin da yaron ya faɗa ba, ya riga ya sha kunyarsa, kuma a ganinmu ya yi ƙoƙari da bai yi musu ba. A taƙaice dai: yawon Ƙaramar Sallah, rakiyar ango sau biyu, sai kuma safiyar Lahadi a wani fili da samari suke haɗuwa su yi wasa da mota. Irin wasan da ake shiga kwana da gudu, a taka kuloci a sake shi farat ɗaya ƙafa tana kan totur, don bayan motar ya watsa. Da kuma wanda ake danne birki a tayar da hayaƙi a tsaye. Abokansa suna karɓa su ma su gwada, biyu daga ciki ma a kanta suka koyi giyar hannu. Ya ce ranar ƙarshe da suka yi, hayaƙin ya fi na kullum, suna ta ihu suna ɗauka a waya, sai dai ya lura tayar ba ta juyawa sosai.

Oga ya ce to wannan hayaƙin ba na taya ba ne. Ya yi bayanin da ya zauna mana: idan inji ya turo ƙarfi mota kuma ba ta tafi ba, tsakanin taya da kuloci dole ɗaya ya zame. Da siraran tayoyin da motar ta zo da su, ko a kan ƙasa mai rairayi, taya ce take zamewa, asarar ta tsaya a kuɗin taya. Da aka sa faffaɗan sababbi a kan busasshiyar kwalta mai zafi, aka kuma gwada a giya ta biyu, taya ta kama ta ƙi saki, sai kuloci ya ɗauki zamewar. Yaron ya kashe kuɗi ya sayo abin da ya ƙona masa kuloci.

Amma Oga ya ce kada a ɗora wa Lahadi komai. Ya tambayi yaron yadda yake yi in gosulo ya kama shi a hawan gada. Ya ce yana riƙe ta da rabin kuloci da ɗan totur don kada ta koma baya, haka abokinsa ya koya masa, shi da otomatik ya koyi tuƙi. Kullum, safe da yamma, daga Agege zuwa tsibiri. In ya samu hanya kuma ƙafarsa ta hagu tana kan kuloci tana hutawa. Wannan ɗabi'a kaɗai, ko babu wasan Lahadi, tana iya raba ran kuloci biyu. Kuma irin kulocin motar nan mai gyara kansa ne yayin da yake ci, don haka ƙafa ba ta jin canjin da za ta ji a tsohuwar Peugeot, inda kuloci zai yi ta hawa sama yana yi maka gargaɗi.

Alhaji ya juyo wajenmu, ya buɗe baki, da alama haƙuri zai ba mu. A nan ne babbanmu ya yi abin da ya sa har gobe muke ganin girmansa, ko da yake a lokacin sauran biyun ji muka yi kamar mu toshe masa baki. Ya ce, "Alhaji, dakata, akwai saura." Ya fito da waya ya nuna masa hoton.

Oga ya kwance fulawil ɗin ya ajiye a ƙasa. Irin wannan fulawil gida biyu ne, da sifirin da giris a tsakaninsu, an yi shi don ya shanye girgizar inji kada ta isa giyabos. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara fito da shi a 1985. Ba kamar na tsofaffin motoci ba ne da za a kai wa mai injin yanka ya share fuskarsa a mayar. In ya gaji, canja shi ake yi. Oga ya nuna tabon da ya gani tun farko, ya nuna sababbin da suka hau kansu, ya juya shi da hannu muka ji yana ƙwas-ƙwas, girisin ciki ya ƙone. Ya ce sabon faranti a kan tsohuwar fuska mai tudu da kwari ba ya kwanciya duka; wurare kaɗan ne suke ɗaukar dukkan aikin, su suke fara yin zafi.

Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaye shi kai tsaye: da an sa sabon fulawil, da kulocin ya tsira? Oga ya ce da irin wannan tuƙin, a'a. Wataƙila da ya ga Sallah, wataƙila ya kai sabuwar shekarar Musulunci, amma shekara uku ko a mafarki. Sai ya ƙara da wani abu da ya fi fulawil ɗin yi mana ciwo. Ya ce sabon kuloci yana son a lallaɓa shi kilomita 500 zuwa 800 na farko, a cikin gari, ba fizga ba nauyi, har fatar ta kwanta. Ya tambaye mu ko mun gaya wa yaron. Ba mu gaya masa ba. Mun ba ɗan shekara 23 makullin mota mai doki 231 da sabon kuloci ɗanye, muka ce Allah ya sa alheri, muka shiga ƙirga kuɗi.

Hukuncin dattawa bai ɗauki minti goma ba. Mota tana nan hannun mai ita. Mu za mu sayi sabon fulawil. Sabon kuloci da kuɗin aiki suna wuyan gidan Alhaji. Alhaji ya ce gidansa bai ƙona kulocin kowa ba, wanda ya ƙona shi ya biya. Manyan rim ɗin nan aka sayar, aka nemo irin na asali, aka cika da albashin wata biyu. Mu kuma fulawil ya cinye fiye da rabin ribar da muka ci a motar, ga shi an shiga hidimar layya. Ɗayanmu a bara da akuya ya yi, maimakon ragon da ya yi wa iyalinsa alkawari, kuma matarsa ta san dalili.

Yaron ya so ya yi wayo a wajen sayen sabon. Ya ji ana cewa akwai kulocin tsere mai fatar tangaran da ƙarfe, wanda ba ya ƙonewa, ya zo ya same mu a gefe ya ce, "Kawu, tunda za a saya, me zai hana a sa wancan?" Muka tura shi wajen Oga. Oga ya ce akwai shi, kuma yana jure zafi sosai. Amma ba shi da tsaka-tsaki, ko ya kama ko ya saki, a gosulon Legas motar za ta riƙa zabura kamar ɗan maraƙi. Yana kuma cin fuskar fulawil. Sannan dukan da kulocin gida yake shanyewa ta hanyar ɗan zamewa, shi wancan wucewa yake da shi kai tsaye zuwa giyabos da robar sanda da aksul, har wurin da aka ɗaure ƙafafun baya a jikin bodi, wanda dama masu irin wannan mota suke yawan dubawa saboda tsagewa. Ya ce a cikin duk jerin nan faranti ne mafi arha, shi ya sa aka bar shi ya zama mai fara mutuwa. Yaron ya haƙura da na asali.

Bayan Sallah da motar ta fito, Oga da kansa ya shiga gefen yaron suka je hawan gada da yamma. Ya koya masa jan hambirki in an tsaya a tudu, a sa furi a ɗauke ƙafa, sai hanya ta buɗe a shiga giya a tashi a saki hambirki. Ya koya masa tashi da ƙaramin juyi, da ajiye ƙafar hagu a ƙasa in an gama canja giya, da saukowa giya ta ƙasa kafin a taka totur sosai maimakon a shaƙe inji a ta biyar. Ya kuma nuna masa gwajin da kowa zai iya yi: a miƙaƙƙiyar hanya, kana tafiyar kilomita 60 a awa, ka sa giya ta huɗu ka taka totur har ƙasa. In allurar inji da gudun mota suka tashi tare, lafiya. In allura ta yi tsalle mota ta biyo daga baya, ka fara tara kuɗi. Ko ya daina zuwa filin Lahadi? Mun ji an ce ya je sau ɗaya ko biyu, amma kallo. Ba mu bincika ba.

Alhaji bai sake ɗaga maganar ba. Wata huɗu bayan haka ya aiko direbansa ya sayi Sienna a wurinmu, ya ce a gaya mana wannan karon kada kowa ya yi masa alkawarin shekaru.

Makon jiya yaron ya zo da kansa. An sa masa rana, yana son mota mai ƙofa huɗu, ya ce mu nema wa BMW mai saye. Kilomita 14,000 ya yi a kan sabon kulocin. Oga ya fita da ita ya gwada a giya ta huɗu, allura da mota suka tashi tare. Kafin mu gama wanke ta har an samu mai so, wani yaro daga Idi-Araba, shekararsa 22, tambayarsa ta farko ita ce ko tayar baya ce take ja. Mun ce masa ya zo ranar Asabar tare da mahaifinsa. Ƙonannen farantin yana nan rataye a ƙusa a rumfarmu, za mu sauko da shi kafin su iso.